Mutum Nawa Za Ta Ɗauka? Nasiha Ga Ɗaliban Kimiyyar Kwamfuta

Ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov domin mazauna jihohi 36 su shiga su sayi inshorar lafiya, ƙarƙashin dokar da Shugaba Barack Obama ya fi bugun ƙirji da ita. Jama'a suka yi ca a kansa. Da aka duba washegari da safe, mutum shida ne kacal suka iya kammala rajista ta shafin. Zuwa ƙarshen rana ta biyu adadin ya lallaɓa ya kai 248.

Ba 'yan koyo ne suka gina shi ba. Manyan kamfanoni ne, kuma an zuba musu ɗaruruwan miliyoyin daloli. Sun yi lissafin mutum dubu 50 zuwa 60 za su shiga lokaci guda, sai ga kusan dubu 250. Ko lissafin nasu ma shafin bai kai ba, domin takardun da majalisar dokoki ta bankaɗo daga baya sun nuna cewa a gwajin da aka yi ana gobe za a buɗe, da zarar masu shiga sun haura 1,100 sai ya fara jan ƙafa. 'Yan kwangilar da bakinsu suka shaida wa majalisa cewa sai da ya rage kamar mako biyu aka haɗa sassan wuri ɗaya aka gwada su tare. Ga shi kuma an tsara cewa ba mai ganin farashi sai ya buɗe asusu, don haka mai saye da ɗan kallo duk suka cushe a ƙofa ɗaya.

Irin wannan abin kunya a aji yake samo asali. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da 'yan ajin ƙarshe ke kare furojet ya san yadda ake yi. Ɗalibi ya sha guga, ya buɗe laftof, ya nuna manhajar rajistar ɗalibai ko ta adana bayanan marasa lafiya. A rumbun bayanan akwai sunaye goma: nasa, na abokan ɗakinsa, sai wasu biyu da aka rubuta da duk harafin da yatsa ya faɗa a kai. Manhajar da rumbun da burauzar duk a cikin laftof ɗaya suke, babu netwok a tsakani. Malam ya ce, "To, shigar da sabon ɗalibi mu gani." Ya shigar. "Goge shi." Ya goge. "Sa lambar sirri ba daidai ba." Jan rubutu ya fito. A gyaɗa kai, a ba da maki, a kira na gaba. Da wuya a ji wani ya ce, "In sunayen nan suka kai dubu 200 fa? In mutum 500 suka latsa wannan maɓalli a sakan ɗaya fa?"

Abin da aka gwada a ɗakin shi ne ko manhajar tana ba da amsa daidai, wanda rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne gwajin sauri da juriya: cikin sakan nawa amsar za ta zo, ga mutum nawa lokaci guda, kuma kwana nawa manhajar za ta yi tana aiki kafin ta gaza. Ɗalibi zai iya gama digiri da sakamako mai kyau bai taɓa auna ko ɗaya daga ciki ba. Abin da ya kamace shi shi ne kada ya bar makaranta sai ya durƙusar da manhajarsa da hannunsa, ya rubuta adadin mutanen da ta durƙusa a kansu, ya kuma gano abin da ya fara karyewa.

Wani zai ce ai ana koyarwa, tunda akwai darasin algoridim inda ake nuna cewa wani tsarin in bayanai suka ninka biyu aikinsa ninki biyu yake yi, wani kuwa ninki huɗu. Gaskiya ne, kuma darasi ne mai daraja. Sai dai yawanci a takarda yake ƙarewa: a haddace, a amayar ranar jarrabawa, a manta. Wanda ya ci tambayar a takarda shi ne zai tafka kuskuren a manhajarsa bai sani ba, domin da sunaye goma kowane tsari gudu yake yi.

Wasan Grand Theft Auto na intanet, mallakar kamfanin Rockstar Games, ya fito a 2013, ya kuma tara wa masu shi dukiya mai yawa. Shekara da shekaru masu wasan suna ƙorafin cewa kafin ya buɗe sai mutum ya gaji da zaman jira. A farkon 2021 wani maginin manhaja mai laƙabin t0st, wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ne kuma ba shi da asalin rubutun manhajar, ya ce bari ya ga ina lokacin ke tafiya. A kwamfutarsa wasan kan ci kusan minti shida kafin ya buɗe. Ya ɗora wata 'yar manhaja mai leƙen abin da kwamfuta ke yi a kowane lokaci, sai ya tarar galibin mintunan a wuri ɗaya suke ƙonewa, wajen karanta wani fayil mai nauyin megabayit 10 da ke ɗauke da jerin kayan da ake saye cikin wasan, kimanin 63,000.

Kurakurai biyu ya gano. Duk lokacin da wasan zai karanta lamba ɗaya daga fayil ɗin, sai ya fara ƙirga haruffa har zuwa ƙarshen fayil sannan ya karanta. Ya zo lamba ta gaba, ya sake ƙirgawa. Sannan duk kayan da zai saka a jeri sai ya kwatanta shi da kowane kaya da ya riga ya shiga, wai don kada a maimaita. Kaya 63,000 a wannan tsari na nufin kwatance kusan biliyan 2. Ya yi ɗan gyaransa, lokacin ya sauko zuwa minti ɗaya da sakan 50. Kamfanin ya amsa cewa gaskiyarsa ce, ya fitar da gyara a watan Maris na shekarar, ya ba shi tukuicin dala 10,000. Duk ɗan aji biyu da ya halarci darasin algoridim zai gane kuskuren in an nuna masa. Abin da t0st ya fi kowa da shi kawai shi ne ya zauna ya auna.

Masu son kauce wa wannan aiki sukan fake da Donald Knuth, wanda a wata maƙala ta 1974 ya gargaɗi magina manhaja kan ɓata lokaci wajen ƙara sauri tun ba a san inda matsala take ba. Rabin maganar suke ɗauka. A maƙalar dai ya ce akwai ɗan kaso na manhaja, kamar 3 cikin 100, da bai kamata a yi sakaci da shi ba, kuma hasashen magina game da inda kason yake yawanci ba ya faɗawa daidai, sai an sa kayan awo.

Sai batun taron jama'a, wanda iliminsa ya girmi kwamfuta. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Erlang, shi ya aza harsashinsa a 1909 lokacin yana aiki da kamfanin tarho na birnin Copenhagen, yana neman sanin layukan waya nawa za su ishi gari. Abin da lissafin layi ke nunawa ya saɓa wa abin da hankali ke fara ba mutum. A ɗauki mai POS a bakin kasuwa da ke sallamar kwastoma cikin kamar minti ɗaya, wato zai iya sallamar 60 a awa. In mutane suna zuwa barkatai, kamar yadda suke zuwa a zahiri, kuma 30 ne ke zuwa a awa, kowa zai kashe kamar minti 2 tsakanin jira da sallama. Suka kai 48, minti 5. Suka kai 54, minti 10. A 57 ya zama minti 20, a 59 kuwa awa guda cur. Mai POS bai rage hanzari ba ko kaɗan, kuma har yanzu bai taɓa iyakarsa ta 60 ba.

Haka sabar take, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kanta. Tsakanin kashi 50 da 80 na ƙarfinta jinkiri a hankali yake ƙaruwa, har mai ita ya saki jiki. Daga 90 zuwa sama sai ya yi tashin gwauron zabi. Shi ya sa wanda ya gwada da mutum 50 ya ga lafiya lau ba shi da ta cewa game da mutum 500. Dole sai an kai ta wurin an gani da ido.

Akwai wata ƙa'ida da John Little ya tabbatar a 1961, wadda ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe da ka: yawan mutanen da ke ciki daidai yake da yawan masu shigowa a minti, sau mintunan da kowa ke yi. A ce makaranta mai ɗalibai 12,000 ta saki sakamako, rabinsu suka garzayo a awar farko. Mutum 100 ke nan a minti. In kowa zai yi minti 5, mutum 500 ne a ciki lokaci guda. In fotal ɗin ya yi nauyi har kowa ya koma yin minti 15, sun zama 1,500, alhali ba a ƙara ɗalibi ko ɗaya ba. Ga kuma halin ɗan Adam. Da shafi ya ƙi buɗewa sai a sake latsawa, a buɗe a waya, a buɗe a laftof, a tura wa ƙane lambar sirri shi ma ya gwada daga gida. Mutum ɗaya ya zama huɗu, kuma daidai lokacin da sabar ke neman numfashi.

Wurin da sabon mai gwaji ya fi yaudarar kansa shi ne matsakaicin lokaci. A ce an aika buƙata 100, guda 95 suka dawo cikin kashi ɗaya bisa biyar na sakan, guda 5 suka ɗauki sakan 20 kowace. Matsakaici zai ba da kusan sakan 1.2, lamba mai kyau da za a iya sakawa a rahoto a yi murmushi. Amma babu ko mutum ɗaya da ya jira sakan 1.2. Akwai 95 da suka ji daɗi da kuma 5 da suka yi tsaki suka fita, kuma waɗannan biyar ɗin ne za su kira ofis. Don haka ƙwararru sukan jera lokutan daga mafi sauri zuwa mafi nauyi, su duba na 95 da na 99 cikin 100. Injiniyoyin Google biyu, Jeffrey Dean da Luiz Barroso, sun nuna a 2013 yadda abin ke ƙazanta a manyan manhajoji: in kowace sabar sau ɗaya cikin 100 take jinkiri, amma shafi ba ya buɗewa sai ya ji daga sabar 100, to kashi 63 na masu shiga za su gamu da jinkirin.

Wata matsalar kuma lokaci ne ke tono ta. Ranar 26 ga Oktoba, 1992, hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Landan ta koma kan sabuwar manhajar karɓar kira da tura motoci gaba ɗaya. Kafin a je ko'ina abubuwa suka cakuɗe. Manhajar ta riƙa rasa ainihin inda motoci suke, a tura biyu wuri ɗaya a bar wani wurin babu, saƙonnin gargaɗi suka yi yawa har suna gudu daga fuskar kwamfuta kafin a karanta. Waɗanda suka gaji da jira suka yi ta sake kira, kiran ya ƙara wa manhajar kaya. Aka koma rabi hannu rabi na'ura. Sai kuma ranar 4 ga Nuwamba, da tsakar dare, ta fara nauyi, daga nan ta sandare ɗungurum.

Kwamitin bincike, a rahotonsa na Fabrairun 1993, ya gano cewa wani magini ya manta da ɗan guntun rubutu a cikin manhajar makonni uku kafin nan. Duk motar da aka tura, guntun zai cinye ɗan wuri a ƙwaƙwalwar sabar bai mayar ba. Kaɗan-kaɗan har ta cika. Rahoton ya kuma ce ba a gwada manhajar da cikakken nauyin aiki ba kafin a ɗora rayukan mutane a kanta, kuma sabar da aka ajiye don ko-ta-kwana ba a gwada komawa kanta yadda ya kamata ba. Shugaban hukumar tuni ya riga ya ajiye aiki. Gwajin minti goma ba zai taɓa nuna irin wannan ɗigo ba. Sai an bar manhaja ta kwana tana aiki, ana duba ko ƙwaƙwalwar da take ci tana hawa ba sauka.

A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ba da umarni game da jirgin Boeing 787, bayan an gano cewa in na'urorin da ke sarrafa janaretocinsa suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba, wata lamba da suke ƙirgawa za ta cika ta tumbatsa, su ɗauke wuta, ko da jirgin yana sama. A ɗakin gwaji aka gano wannan, shi ya sa labarin bai wuce 'yan layuka a jarida ba.

Ɗan Najeriya ma ba ya buƙatar a kai shi Landan kafin ya gane. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma daga Janairu zuwa Maris na 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mai nama, mai kayan miya, ɗan adaidaita, kowa ya koma tiransifa a lokaci ɗaya. Manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗauka. Mutum ya tura kuɗi, an cire a asusunsa, alat bai shiga ba. Ya tsaya a bakin shago riƙe da leda, shi da mai shago suna kallon waya ɗaya, kowa na jin nauyin ɗan'uwansa. "Alhaji, wallahi an cire." "To, mu ɗan ƙara jira." A watannin nan ne ɗimbin jama'a suka rungumi OPay da PalmPay da Moniepoint, saboda dalili guda: kuɗi na shiga nan take. Manhajojin da suka gaza sun san lissafi sarai, nauyin da aka ɗora musu ne ba su taɓa gani ba.

Wannan ya kawo batun wayar da ke hannun mai amfani. Jakob Nielsen, a wani littafinsa na 1993, ya tattara iyakoki uku da har yau ake aiki da su: amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan mutum zai ji kamar nan take ne, sakan ɗaya ba ya katse tunani, in aka haura sakan 10 hankali ya tafi wani wuri. Binciken da Google ya fitar a 2016 ya ce kashi 53 na masu buɗe shafi a waya sukan fice in ya wuce sakan 3 bai buɗe ba. To, ɗalibin da ya gina manhajarsa a laftof mai ƙarfi ya tambayi kansa wa zai yi amfani da ita. In ma'aikaciyar asibitin karkara ce ko ɗan kasuwa a motar haya tsakanin Katsina da Maraɗi, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, to ya ari waya mafi arha a gidansu ya gwada a kai. Burauzar Chrome ma tana da wurin da magini zai rage wa kansa ƙarfin netwok da gangan. Hoto ɗaya mai megabayit 5 a shafin farko jinkiri ne, kuma datar wani ce da ya saya da guminsa.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya yi gwaji ya tsira. Ostireliya ta yi ƙidayar jama'a ta intanet ranar 9 ga Agusta, 2016. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta yi ta shelar cewa shafin, wanda kamfanin IBM ya gina, zai ɗauki fom miliyan ɗaya a awa, kuma an biya wani kamfani daban ya yi gwajin nauyi. A daren ƙidayar aka kai wa shafin hare-haren cushe hanya, waɗanda masu bincike daga baya suka ce ba wasu manya ba ne. A ƙoƙarin gyara aka kashe na'urar rarraba netwok aka sake kunnawa, sai ta tashi ba tare da saitinta ba. Shafin ya yi sama da awa 40 a rufe. Wani injiniyan IBM ya shaida wa majalisar dattawa cewa da an taɓa gwada kashe na'urar da kunna ta tun farko, da an gano matsalar. An gwada ko shafin zai ɗauki taro, ba a gwada yadda zai tashi in ya faɗi ba.

Shi kansa hasashen taro ba abin dogaro ba ne. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan Pokémon Go, da ya fito a Yulin 2016, sun tanadi cewa in abu ya yi tsanani za a samu ninki 5 na abin da suka sa rai. Ninki 50 suka samu. Ba mai iya shirya wa kowane adadi, amma kowa zai iya sanin iyakar manhajarsa, ya kuma tsara ta yadda in an kai iyakar za ta ce wa na baya su dakata cikin ladabi, maimakon ta faɗi da kowa a ciki.

Abin daɗin shi ne kayan aikin kyauta ne. Apache JMeter ya daɗe ana amfani da shi. Wanda ya iya Python ga Locust, wanda ya saba da JavaScript ga k6. Kowannensu yana ƙirƙiro ɗaruruwan masu shiga na bogi su far wa manhaja. Kafin a kunna komai, ɗalibi ya fara rubuta abin da yake nema da lamba, misali mutum 300 lokaci guda, 95 cikin 100 su sami amsa ƙasa da sakan 2. In babu wannan, duk sakamakon da ya fito za a ce ya yi. Sannan ya rubuta 'yar manhaja ta cika rumbun da sunayen ƙirƙira dubu 200, ba bayanan mutane na gaskiya ba. Ya ari laftof ɗin aboki ya zama mai kawo hari, domin in mai hari da wanda ake kai wa hari suna cikin kwamfuta ɗaya, ba a san wa ya gaji ba. Ya sa masu shigan bogin su riƙa ɗan tsayawa tsakanin latsawa, kamar yadda mutum ke tsayawa ya karanta. Daga nan ya fara da 10, ya koma 50, 100, 200, yana ƙarawa yana kallon abin da kwamfutar ke ciki, har ta ce ba ta iyawa.

Abin da zai tarar sau da yawa bai wuce abu biyu ba. Ko dai rumbun ba shi da fihirisa a kan abin da ake nema, yana bin sunaye dubu 200 ɗaya bayan ɗaya don ya zaƙulo lambar rajista guda, ko kuma shafin da ke nuna ɗalibai 50 yana zuwa rumbun sau 51, sau ɗaya don jerin, sannan sau ɗaya-ɗaya don kowane ɗalibi. Layi ɗaya na gyara kan iya mayar da sakan 8 ya koma ƙasa da ɗaya, kuma wanda ya ga haka da idonsa ya fahimci darasin algoridim fiye da yadda allo zai taɓa fahimtar da shi. Amma awo yana da ladubba. A canza abu ɗaya a lokaci guda. A maimaita gwaji sau da dama, a yar da na farko, domin manhaja kan ɗan yi sanyin jiki kafin ta ɗumama. A kuma rubuta yanayin da aka yi gwajin, har da ko laftof na jone da wuta: in aka ɗauke wuta ana tsakar gwaji, yawancin laftof kan rage gudu don tattalin batir, sai ɗalibi ya zauna yana zargin gyaran da ya yi alhali ba ruwansa.

Gargaɗi guda da ba wasa a cikinsa: a kan manhajarsa zai yi wannan, ko wadda aka ba shi izini a rubuce. Tura masu shiga na bogi 1,000 kan fotal ɗin makaranta ko shafin banki "don a gani" ba shi da bambanci da hari a idon mai shafin, kuma dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta yi wa na'urorin wasu katsalandan da zai hana su aiki. Zumuɗin ƙuruciya ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Malamai za su ce manhajar karatu ta cika, ba wurin saka sabon darasi. Uzurin ya yi rauni. A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu da ake kira CCMAS, wanda ya ware fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ta ga ya dace. Ba ma sai an buɗe sabon kwas ba. A darasin rumbun bayanai a ba da aikin gida da sunaye miliyan ɗaya maimakon 20. A darasin algoridim a ce kowa ya auna da agogo ya zana abin da ya gani kusa da abin da ka'ida ta ce. A furojet a ware maki ga shafi ɗaya mai nuna adadin masu shiga da lokacin amsa da inda aka gaza. Aikin mako biyu ne a zango, kuma ya fi wasu babuka da ake kwafowa daga furojet ɗin bara amfani.

Amma ɗalibi kada ya zauna jiran majalisar jami'a ta zauna, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar tafiyarsa ita ce ranar da wani asibiti ko makaranta ko ƙungiyar manoma za ta ɗora aikinta a kan abin da ya gina. Wanda zai tafi SIWES, wato horon sanin makamar aiki, ya tambayi shugabansa a wurin aiki wace rana ce aka fi cunkoso, mutum nawa aka gani, me ya fara faɗuwa; zai ji abin da babu shi a handawut. Wadda ke neman aiki, in ta iya cewa manhajarta ta ɗauki mutum 180 ta gaza, ta gano dalili, ta gyara ta kai 700, ta faɗi abin da mai ɗaukar aiki zai saurara. Duk mai furojet a hannu yanzu ya nemi laftof na biyu, ya sauke ɗaya daga cikin kayan gwajin nan, ya fara ranar Asabar mai zuwa.